Zane ya yi kyau a kwamfuta, shafi ya wargaje a waya: me zan gaya wa mai aiki?

"Assalamu alaikum Yaya. Ni mai zanen kwamfuta ce, aikina tambarin kamfani da fasta da katin gayyata. Wani mai ƙaramin kamfani ya ba ni aikin shafin intanet. Na zana masa shafuka biyar a manhajar zane ta Figma, faɗin fiksel 1440, ya gani ya yaba, ya biya rabin kuɗi. Da ya tambaye ni ko ni zan mayar da zanen shafi mai aiki sai na ce eh, alhali abin da na sani a HTML da CSS, harsunan da ake rubuta shafin intanet da su, bai taka kara ya karya ba. Na sami wata manhaja mai fitar da kod kai tsaye daga zane, na danna, ya fito. A kwamfutata kamar an kwafe zanen. Da na buɗe a waya sai na ga rubutu ya hau kan hoto, maɓalli ya ɓace, kuma sai an ja shafin gefe kafin a ga ƙarshen layi. In na gyara nan sai can ya lalace. Saura kwana goma in miƙa aiki, ban kuma gaya masa komai ba. In mayar masa da kuɗinsa ne, ko in ba wani ya yi a ɓoye, ko in ci gaba da fama?"

Wa alaikumus salam ƙanwata.

Cikin zaɓi ukun nan babu wanda zan ce ki ɗauka yadda yake. Kada ki yi gaggawar mayar da kuɗi, kada ki ba wani a ɓoye, kuma kada ki ƙara kwana ko ɗaya kina juya lambobi a cikin kod ɗin da manhajar nan ta fitar miki. Ajiye shi gefe. Na san maganar da ɗaci ga wadda saura mata kwana goma, amma irin wannan kod ba ya gyaruwa, sai dai a sake. Rubuta shafuka biyar da hannu bai kai wahalar da kike tsammani ba, musamman ga mai idon zane irinki. Akwai kuma maganar da dole ki yi da mai aikin, zan zo kanta, amma sai kin gane abin da ya lalace za ki san abin da za ki gaya masa.

Buɗe fayil ɗin CSS, inda dokokin ado da tsarin shafi suke, ki duba. Ina kyautata zaton za ki tarar position: absolute ta cika ko'ina, kowane akwati an ba shi left da top da width da height da ƙayyadadden adadin fiksel. Abin da wannan umarni yake gaya wa burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet irin Chrome, shi ne ta ɗauke abu daga layin 'yan'uwansa ta kafe shi, a ce fiksel 820 daga hagu da 340 daga sama, ko me zai faru. A allon da ya kai faɗin 1440 komai zai zauna daram. Yawancin wayoyi kuwa faɗinsu a ma'aunin CSS tsakanin 360 ne da 430, saboda haka abin da aka kafe a 820 yana can waje, shi ya sa sai an ja shafin gefe. Sannan abin da aka kafe haka bai san da maƙwabcinsa ba. In kanun rubutu ya karye ya koma layi biyu, sakin layin da ke ƙarƙashinsa ba zai matsa ba, sai su hau kan juna. Maɓallinki yana nan, ko dai hoto ya danne shi ko ya fita bayan iyakar allo.

Manhajar abin da ta gani ta kwafa. Zane hoto ne na shafin a faɗi ɗaya, da rubutu ɗaya, a yanayi ɗaya. Shafi mai aiki kuwa ƙa'idoji ne ke tafiyar da shi: wannan ya zauna kusa da wancan in akwai wuri, in babu ya sauko ƙasa, wannan kada ya wuce faɗi kaza, wancan ya cike abin da ya rage. Abin da ya same ki kamar tela ne ya auna mutum ɗaya ya ɗinka riga, aka ce duk wanda ya shigo ya sa. Ƙa'idar da ta sa kika ajiye kowane abu inda kika ajiye shi tana cikin kanki, kuma ita ce za ki fitar ki rubuta.

Kada ki ga kamar ke kaɗai kika taɓa faɗawa wannan. Shekaru da dama haka sana'ar gaba ɗaya take aiki: a zana shafi a Photoshop, a yayyanka shi gunduwa-gunduwa, a jera gundayen cikin tebur na HTML, a riƙa cusa wani hoto marar launi mai fiksel ɗaya don a buɗa tazara. Abin yana tafiya ne saboda allunan lokacin kusan duk 800 da 600 ne ko 1024 da 768. Da iPhone ta fito a 2007, wayoyin Android suka biyo a 2008, sai dabarar ta fara tonuwa. A 2010 Ethan Marcotte ya bayyana tsarin da ake bi har yau, inda shafi ɗaya yake miƙewa ko ya tsuke gwargwadon allon da aka buɗe shi. Shi kansa CSS, wanda Håkon Wium Lie ya gabatar a 1994 kuma ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet ta amince da shi a 1996, an yi shi ne don a raba abin da shafi ke faɗa da yadda yake bayyana. Manhajar da kika yi amfani da ita ta mayar da ke zamanin yanke-yanken ne kawai.

Kafin ki rubuta layi ɗaya, koma Figma da takarda da biro. Rubuta duk launukan da ke cikin zanen, duk girman haruffa, duk tazarar da ke tsakanin abubuwa. A nan za ki sha mamakin kanki. Mai zane yakan ja abu da ido, sai a wayi gari akwai launin toka kala bakwai waɗanda ido ba ya bambancewa, da tazara 13 a nan, 15 a can, 18 a gaba. Tattara su. Toka biyu ko uku sun isa, girman haruffa biyar ko shida, tazara kuma ki bi ninkin 4 ko 8, wato 8, 16, 24, 32, 48. Waɗannan za ki rubuta a saman fayil ɗin CSS, ki raɗa wa kowanne suna, kamar --launin-kamfani ko --tazara-babba, ki riƙa kiran sunan da var() duk inda kike buƙata. Ranar da mai aiki ya ce shuɗin ya yi duhu, wuri ɗaya za ki taɓa.

Sai ki zana aƙalla shafin farko a faɗin 360 ko 390. Kina fara wannan za ki ci karo da tambayoyin da zanen 1440 bai taɓa amsawa ba. In akwai katuna uku a jere, wanne zai hau sama in sun sauko layi ɗaya? Jerin zaɓin da ke saman shafi, ina zai shiga? Babban hoton nan, in an tsuke shi fuskar mutumin da ke ciki za ta yanke? Akwai wasu tambayoyin da ba na faɗi ba ne. Yaya maɓalli yake idan linzamin kwamfuta, wato mouse, ya hau kansa, yaya yake idan an iso shi da kibod, yaya fom yake idan an rubuta adireshin imel ba daidai ba, me zai faru idan sunan kaya ya ninka wanda kika sa a zane tsawo? Ki tuna a waya babu linzami, saboda haka duk bayanin da ba ya fitowa sai linzami ya hau kansa, masu waya ba za su gan shi yadda kike so ba. Ke ce mai zanen, ba sai kin jira kowa ya yanke miki waɗannan ba, kuma wannan gata ce da masu rubuta kod da yawa ba sa samu.

Daga nan HTML, shi kaɗai, babu ado ko ɗaya. Wannan mataki ne masu zane suka fi tsallakewa don shafin yakan fito ba kyan gani, baƙin rubutu a kan farin allo. Daure. Ki kalli zanen ki riƙa tambaya, wannan mene ne? Saman shafi header, jerin zaɓi nav, gundarin shafi main, ƙasa footer. Babban kanu h1, guda ɗaya a shafi, ƙananan kanu h2 da h3 bisa matsayinsu a magana, ba bisa girmansu a zane ba. Abin da ke kai mutum wani shafi a ne, abin da ke aikata wani abu a nan take button ne. Kowane gurbin fom ya sami label nasa, kowane hoto mai ma'ana ya sami alt mai bayyana abin da ke ciki. Rubutu ya kasance rubutu. Kada ki kuskura ki fitar da kanu a matsayin hoto don salon haruffan ya burge ki, domin Google ba zai karanta shi yadda ya kamata ba, manhajar da ke karanta wa makafi allo ba za ta gan shi ba sai abin da aka rubuta a alt, kuma mai aiki ba zai iya canza kalma ɗaya ba sai ya neme ki. In kin gama ki karanta shafin daga sama har ƙasa. Idan maganar tana tafiya daidai ba tare da ado ba, kin yi rabin aikin waya, don HTML tun asali yana lanƙwasa rubutu ya dace da kowane allo.

A cikin head, wato sashen farko na fayil ɗin HTML da ba ya bayyana a shafi, kada ki manta abubuwa biyu: meta charset da utf-8, da meta viewport mai ɗauke da width=device-width, initial-scale=1. In babu na biyun, burauzar waya takan ɗauka shafin faɗinsa 980 ne ta ƙanƙance komai, kuma dokokin da kika rubuta don ƙaramin allo ba za su yi aiki ba. Layi ɗaya ne, amma ya hana mutane da yawa barci.

Yanzu CSS. Layin farko da zan so ki rubuta shi ne box-sizing: border-box a kan komai. Ga dalili. In ba ki sa shi ba, akwatin da kika ba faɗin 300, da ratar ciki (padding) 20 kowane gefe da layin iyaka 1, zai fito 342 a allo, domin burauza tana ɗora rata da iyaka a kan faɗin. Da border-box 300 ɗin ta haɗa komai, kamar yadda kika saba gani a Figma. Wani abin da zai rikita ki shi ne ratar waje (margin) ta sama da ƙasa. Idan sakin layi yana da 30 a ƙasa, na biye da shi yana da 20 a sama, tazarar da za ta fito 30 ce, ba 50 ba, don ratar biyu suna haɗewa a ɗauki babbar. Ba kuskurenki ba ne, haka dokar take. Hanya mafi sauƙi ita ce ki bar wa gap aikin tazara a duk inda kika jera abubuwa.

Jera abubuwa kuwa kayan aiki biyu ne. Flexbox na abin da ke tafiya hanya ɗaya ne, a kwance ko a tsaye, kamar tambari a hagu da jerin zaɓi a dama, ko maɓallai biyu kusa da juna. In kin taɓa amfani da auto layout a Figma to kin riga kin san shi, tunaninsu ɗaya ne: alkibla, tazara, ratar ciki, da wa zai miƙe wa zai tsaya. Grid na abin da ke da layuka da ginshiƙai ne a lokaci guda, kuma tun watan Maris na 2017 Chrome da Firefox da Safari suke karɓarsa, saboda haka kada wani tsohon darasi ya sa ki koma tsohuwar dabarar float. Katunan nan uku, ki ba uwarsu, wato akwatin da ya ƙunshe su, display: grid, sannan grid-template-columns: repeat(auto-fit, minmax(260px, 1fr)). Fassararsa: jera katuna iya yawan da wuri zai ɗauka, kada kowanne ya gaza 260, abin da ya rage a raba musu daidai. A kwamfuta za su jeru uku, a waya su sauko ɗaya bayan ɗaya, ba tare da kin ƙara komai ba. Ki gwada wannan layin a daren yau, ki riƙa jan gefen burauza kina kallon yadda suke sauka. Na fi son ki ga wannan da idonki fiye da duk bayanin da na yi a sama.

Sauran dokokin kaɗan ne. Faɗi ki ba shi iyaka da max-width, ki tsakaita shi da margin auto a hagu da dama. Tsawo kuwa ki ƙyale shi, abin da ke ciki ne zai yanke. Duk akwatin rubutu da kika ɗaure wa height, wata rana rubutun zai zubo. In dole ne, min-height. Hotuna su sami max-width: 100% da height: auto. Girman haruffa ki rubuta da rem, wanda a yawancin burauza 16 fiksel ne in mai karatu bai canza ba, domin mai raunin gani da ya ƙara girman rubutu a na'urarsa shafin ya bi shi. Ki fara rubuta dokokin waya, sannan ki ƙara @media da min-width don manyan alluna. Kada ki ɓata lokaci kina haddace faɗin wayoyi. Ja burauza a hankali, inda kika ga tsarin ya fara muni, nan ne wurin sa sabuwar doka. Shafi irin naki da wuya ya buƙaci fiye da biyu ko uku. Ita kuma position: absolute tana da ranarta, kamar ƙaramin tambarin "sabo" a kusurwar kati, amma ba a gina shafi da ita.

Bootstrap da Tailwind da React, wato tarin kod da aka riga aka shirya don gina shafi, duk wanda ya ce ki fara da su a kwana goman nan, ki yi masa godiya ki wuce.

Hotuna da haruffa su ne inda masu zane suka fi nauyaya shafi, don kin saba da bugawa a takarda inda ake son fayil mafi girma. Tambari da ƙananan alamomi ki fitar da su SVG, ba sa dusashewa komai girman allo. Hotunan kyamara ki rage su kafin ki ɗora. Hoton da ya fito da faɗin 4000 ba shi da aikin yi a katin da faɗinsa 300. Ninki biyu na girman da zai bayyana ya isa, saboda allunan waya masu kaifi, sannan ki ajiye shi WebP ko AVIF, waɗanda suka fi JPEG sauƙin nauyi. Kowane img ki rubuta masa width da height na asali, don burauza ta tanadar masa wuri tun kafin ya iso. In ba haka ba mutum yana cikin karatu rubutu zai yi tsalle, ko ya kai yatsa kan maɓalli ya danna wani abu dabam. Hotunan da ke can ƙasa ki sa musu loading="lazy", amma ban da babban hoton sama, shi ana son ya iso da wuri.

Salon haruffan da ke kwamfutarki ba ya cikin wayar mutane. Dole a ɗora shi tare da shafin, a sigar WOFF2, kuma lasisin amfani da shi a zane ba lallai ya haɗa da ɗora shi a intanet ba, ki duba. Ki taƙaita kauri biyu ko uku, don kowane kauri fayil ne da za a sauke. In shafin zai ɗauki Hausa, rubuta ƙ da ɗ da ɓ manya da ƙanana ki gani tun yanzu, domin salo da yawa ba su da su, sai burauza ta aro daga wani salon su fito bare a tsakiyar kalma. Noto Sans yana da su. Tazarar haruffa da Figma ta nuna kashi 2 cikin ɗari, a CSS 0.02em ce. Sannan gurbin fom kada haruffansa su gaza 16, in sun gaza Safari a iPhone yakan zuƙo allon da zarar an taɓa gurbin, shafin ya karkace.

Akwai wurin da zan ce ki saɓa wa zanenki da gangan. Masu zane suna son rubutu mai launin toka fari-fari a kan fari, yana da kyau a babban allo cikin ɗaki, amma a waya cikin rana ba ya karantuwa. Ƙa'idojin WCAG, na sauƙaƙa amfani da shafi ga masu buƙata ta musamman, sun nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai 4.5 zuwa 1 ga ƙananan haruffa, 3 zuwa 1 ga manya. A kan fari tas, #767676 ya tsallake da ƙyar, duk tokar da ta fi shi haske ta faɗi. Maɓallai kuma su ishi yatsa: Apple na ba da shawarar faɗi da tsawo su kai 44, Google 48. Zoben da ke fitowa kewaye da maɓalli in an iso shi da kibod, ki ƙawata shi in kina so, amma kada ki share shi, da shi masu amfani da kibod suke sanin inda suke.

Game da gwaji, danna F12 a Chrome ko Firefox zai buɗe miki kayan bincike, inda za ki taɓa kowane akwati ki ga dokar da ke kansa, ki kwaikwayi faɗin waya, har ki rage saurin intanet ki ji yadda mai raunin sabis yake ji. Idan shafi yana jan gefe kin rasa mai laifi, sa outline ja a kan komai na ɗan lokaci, wanda ya leƙa waje zai bayyana. Amma kwaikwayo ba waya ba ne. Nemi Android da iPhone na gaske, domin Chrome da Edge injinsu ɗaya ne, Blink, Safari kuwa WebKit ne, Firefox Gecko, kuma sukan saɓa a ƙananan abubuwa. Lighthouse da ke cikin Chrome zai auna miki sauri. Ma'aunin Google shi ne babban abin da ke shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, makin tsallen abubuwa kuma kada ya wuce 0.1. Kada ki zauna kina neman kowane fiksel ya yi daidai da zane. Windows da Mac ma ba sa zana harafi iri ɗaya. In tazara da launi da jerin muhimmanci sun yi daidai, bambancin fiksel biyu babu wanda zai gani sai ke. Kuma duk lokacin da wani sashe ya yi daidai ki adana shi da Git, manhajar ajiye tarihin gyare-gyaren kod, ko aƙalla ki kwafi folda ki sa mata kwanan wata, don gyaran gobe kada ya cinye na yau.

To, sai mai aikin. Abu na farko ki tantance me ke cikin shafuka biyar ɗin. In bayani ne da hotuna da lambar waya da taswira, duk abin da na faɗa ya ishe ki, da 'yar JavaScript kaɗan, harshen da ke sa shafi ya aikata abu, don buɗe jerin zaɓi a waya. In akwai fom na aika saƙo, ki sani HTML gurbin kawai yake zanawa, aika saƙon sai da kwamfutar saba (server) ko wani kamfani mai karɓar fom ya tura imel. In kuwa akwai rajistar masu amfani, ko karɓar kuɗi, ko rumbun kaya, wannan ba aikin da ake koyo a kwana goma ba ne, kuma kuskure a cikinsa bayanan mutane da kuɗinsu yake taɓawa. A nan dole ki nemi ƙwararre. Ba aibi ba ne, haka sana'ar take, mai zane daban mai kod daban a yawancin wurare. Aibin yana cikin ɓoyewa. Shafi ba fasta ba ne da ake miƙawa a rabu. Bayan wata uku zai kira ki ya ce abu kaza ya tsaya, ke ba ki san kod ɗin ba, wanda ya rubuta kuma ba ya ɗaga waya, a ranar ne maganar za ta fito ta hanya mafi muni. Wannan ya shafi manhajojin basirar na'ura masu rubuta kod ma. Ki tambaye su su bayyana miki layin da ya shige miki duhu, suna da amfani sosai a nan, amma kada ki miƙa wa mutum abin da ba za ki iya karantawa ba.

Ki tambaye shi kuma wa zai riƙa canza rubutu bayan kin miƙa. In shi ne da kansa, kuma sau da yawa, to wataƙila manhajar gina shafi irin WordPress ko Webflow ko Framer ta fi dacewa da shi, ki gina zanenki a can. Ilimin akwati da rata da flexbox da kika koya yana aiki a cikinsu duka. Sunan shafi da wurin ajiyarsa kuma a yi rajistarsu da sunansa da imel ɗinsa, ba naki ba, ko da ke za ki cike fom ɗin.

Ki kira shi yau, kada ki bari sai ana gobe. Ba sai kin yi doguwar ba da haƙuri ba. Ki ce: "Yallaɓai, zanen da ka amince da shi na allon kwamfuta ne. Da na gwada a waya na ga hanyar da na bi ba za ta yi ba, kuma mutane da yawa da waya za su shigo. Ina sake gina shi yadda zai zauna a kowane allo. Nan da kwana huɗu zan turo maka shafin farko ka buɗe a wayarka, daga nan mu tsayar da ranar sauran." In akwai sashen da za ki ba ƙwararre, ki faɗa a wannan kiran, ki kuma ce daga cikin kuɗin da kuka yi yarjejeniya za ki biya shi, tunda ke kika ce za ki iya. Wuraren ɗora shafi irin GitHub Pages ko Netlify za su ba ki adireshin da zai buɗe ya gani da idonsa. Shafin farko shi ne mai cin lokaci, don a cikinsa za ki gina saman shafi da ƙasansa da maɓallai da katuna. Sauran huɗun yawanci sake jera waɗannan ne da wani rubutu.

In ya ce ba zai ƙara ko kwana ɗaya ba, ki miƙa shafin farko da shafin tuntuɓa suna aiki sarai a waya da kwamfuta, ki cire sunayen sauran daga jerin zaɓi har sai sun kammala, ki rubuta masa ranar da kowanne zai hau. In kuma ya ce ya fasa gaba ɗaya, zanen da ya amince da shi aiki ne da kika riga kika yi, ku zauna ku raba kuɗin zane da na gini, ki mayar masa da na ginin, ki ba shi fayil ɗin Figma da jerin launuka da girman haruffa da hotunan da kika fitar, don wanda zai karɓa ya ɗora daga nan.